Kada A Kankare Tarihi Da Lemun Tsami

Da na yi niyyar mu tattauna a wannan mako a kan tsadar kuɗin mota a Abuja, amma wani abu da na gani da idona a Idu ya sa na jingine wannan magana sai wani jiƙon, in Allah ya kai mu.

Wanda bai san Idu ba, wani yanki ne yamma da tsakiyar birnin Abuja, inda aka keɓe wa masana'antu fili, kuma a nan ne babbar tashar jirgin ƙasa take, wadda aka buɗe a watan Yuli na 2016, jirgin da ke kai mutane Rigasa ta Kaduna. Ran Asabar ɗin da ta wuce na raka wani yayana wannan tasha. Bayan jirgi ya tashi, ina kan hanyar komowa, sai na hangi wani saurayi a cikin wata gona da aka riga aka girbe, a bayan katangar wata masana'anta. Yana riƙe da wata sanda mai faifai a ƙarshenta, yana kaɗa ta dama da hagu dab da ƙasa kamar mai shara, ya kuma toshe kunnuwansa da abin saurare. In ya yi taku kaɗan sai ya tsaya, ya durƙusa, ya sa 'yar fartanya ya tona. Halin ɗan jarida, na kasa wucewa.

Na yi masa sallama, ya amsa da fara'a. Ya ce shi mutumin ƙasar Katsina ne, abin da ke hannunsa kuwa na'urar gano ƙarfe ce. Ya samo ta ne a Jado, can cikin hamadar arewa maso gabashin Jamhuriyar Nijar, inda zinariya ta ɓulla a 2014, samari suka yi ta kwarara daga Cadi da Sudan da Nijeriya. Da Gwamnatin Nijar ta rufe wurin a 2017, ya komo gida ba shi da kome sai wannan na'ura. Yanzu leburanci yake yi a wajen gine-gine, ran da ba aiki kuwa sai ya bi gonaki da wuraren da katafila ta share, ko Allah zai sa ya dace.

Na ce ya nuna mini abin da ya samu. Ya juye wani gwangwanin madara a kan buhu: ƙusoshi, marafan kwalba, wani guntun kwaɗo, sule biyu na zamanin naira, sa'an nan ga kwabo mai huji guda uku. Biyu sun yi baƙi ƙirin da ƙasa, na ukun kuwa yana ta walƙiya. Ya miƙo mini shi yana murmushi, ya ce, "Yallaɓai, wannan kwana biyu na yi ina aikinsa. Na jiƙa shi a lemun tsami da gishiri, na cuɗa da toka, sa'an nan na bi shi da samfefa." Na ɗaga kwabon na duba. Tauraron da ke bayansa yana nan dishi-dishi, amma sunan sarkin da aka buga shi a zamaninsa ya tafi, shekarar kuma ba abin da ya rage sai 193, lambar ƙarshe ta bi samfefa. Ya ƙara gaya mini cewa a watan jiya ya tono wata munduwa mai nauyi, ta yi kore shar, a tsakanin tsingaro, ya sayar wa 'yan gwangwan a kan sikeli, kuɗin bai wuce na abincin kwana biyu ba.

Ban ga baƙinsa ba, domin ni ma na taɓa yin irin wannan ɗanyen aiki. Ina yaro, kakata tana da wata tsohuwar azurfa mai hoton mace da take ratayawa a sarƙa. Wata rana tana barci na ɗauka na goge mata ita da yashi da toka, wai in faranta mata rai. Da ta farka ta duba, ta daɗe ba ta ce uffan ba, daga baya ta ce, "Allah ya shirye ka, ɗan nan. Wannan baƙin da ka cire tun na hannun uwata ne." Ban gane nufinta ba sai da na girma. To, don haka na ga ya kamata mu zauna a kan wannan al'amari, tun da yake na'urorin nan sun fara yawa a hannun samarinmu.

Yadda Na'urar Ke Aiki

Da farko dai ba tsafi a cikinta, ba kuma ta ganin abin da ke ƙarƙashin ƙasa kamar yadda waɗansu ke zato. A cikin faifan nan akwai wayar jan ƙarfe da aka nannaɗe. Idan wutar batir ta bi ta cikinta, sai ta haifar da wani ƙarfi irin na maganaɗisu wanda ke ratsa ƙasa. In ya ci karo da ƙarfe a binne, ƙarfen ya mayar da nasa martani, wata waya ta biyu ta ji, na'ura ta yi ƙara a kunnen mai ita. Tun a 1881 Alexander Graham Bell, Baturen nan da ya shahara da ƙago wayar tarho, ya gwada irin wannan dabara don neman harsashin da aka harbi Shugaban Amurka James Garfield da shi, ko da yake bai gano shi ba. A 1941 wani hafsan soja ɗan ƙasar Folan mai suna Kosacki ya ƙera wadda mutum ɗaya zai iya ɗauka don neman nakiyoyin da aka binne, aka yi aiki da ita a fagen yaƙin Alamain na ƙasar Masar a 1942. Bayan yaƙi ne ta shiga hannun farar hula. Ƙanwarta ce ake shafa wa mutane a jiki a ƙofar tasha da filin jirgin sama da masallatan Juma'a.

Iyakarta kuwa a fili take. Ƙaramin abu kamar kwabo, in ya wuce kamar ƙafa guda a cikin ƙasa, da wuya na'urar da aka saba gani ta ji shi. Jar ƙasarmu mai marmara ita kanta tana ɗauke da tama, saboda haka takan ruɗa na'ura ta yi ta kuka a banza. Abin da ya fi muhimmanci a sani shi ne, ƙarfe kaɗai take ji. Ba ta jin wuri, ba ta jin tsakiya ko murjani, ba ta jin tukunya ko ƙashi ko ƙyallen saƙi. Mai bin ƙararta idonsa a kan ƙarfe yake, sauran abin da ke kewaye da ƙarfen duk fartanya ta farfasa shi ta watsar, alhali kuwa sau da yawa su ne ke ba da labarin wurin.

Abin Da Ke Kwance A Ƙasarmu

Mai karatu zai ce, to me zai kawo tsohon kuɗi a Idu, wurin da jiya-jiya aka fara gini? Ai birnin ne sabo, ƙasar ba sabuwa ba ce. A watan Fabrairu na 1976 Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yi dokar kafa Babban Birnin Tarayya, aka tare a watan Disamba na 1991. Kafin nan Gbagyi, waɗanda muke kira Gwarawa, da Gwandara da Koro da Gade da Bassa da sauransu suna zaune da ƙauyukansu da kasuwanninsu da maƙabartunsu, fatake suna ratsawa tsakanin ƙasar Hausa da Nufe da bakin Binuwai. Ko a Taruga, nan kusa da Abuja, Bernard Fagg ya tono matoyar tama a shekarun 1960 wadda ta haura shekara 2,000. Duk inda aka yi zama aka tashi akwai kufai, duk kufai kuwa akwai abin da ya faɗi ko aka binne. Kafin zuwan banki, tulu ko 'yar tukunya a ƙarƙashin gado ita ce ma'ajiyar mai hali, saboda tsoron gobara da ɓarayi da mahara. In mai ita ya rasu bai faɗa wa kowa ba, ta zama rabon ƙasa.

Kuɗinmu na farko wuri ne, daga gare shi ma muka sami kalmar kuɗi, kuma mafi yawansa daga tsibiran Maldib na tekun Indiya ya fito. Tare da shi akwai babbar azurfar nan ta ƙasar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tariza, wadda Larabawa suka riƙa ƙetaro hamada da ita, irin ta kakata ke nan. Nauyinta kamar giram 28 ne, kashi biyar cikin shida azurfa zalla. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canja guda ɗaya a kan wuri 2,500. Maƙeran fari sun narka da yawa sun yi mundaye da zobba da awarwaro. Wanda ya sami irinta kada shekarar 1780 da ke jikinta ta ruɗe shi. A shekarar ce sarauniyar ta mutu, aka kuma ci gaba da buga kuɗin da wannan lamba ba a sake ta ba har zamaninmu.

Kwabo mai huji kuwa a 1907 Turawan mulki suka fara kawo shi tare da anini, a zamanin Sarki Edward na Bakwai. Anini goma kwabo guda, kwabo 12 sule guda, sule 20 fam guda, ga ɗari da taro da sisi da fataka a tsakani. Aninin farko na 1907 da alminiyam aka yi shi, yana cikin kuɗaɗen farko a duniya da aka buga da wannan ƙarfe. Ba hoton sarki a jikin waɗannan masu huji, sai kambi da sunansa, da rubutun Larabci mai faɗin darajar kuɗin, a baya kuma tauraro mai tsini shida. A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma, a 1913 ta fitar da taro da sisi da sule da fataka na azurfa, daga 1920 aka daina sa azurfa aka koma tagulla. A 1959 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da namu na kanmu, taro da hoton auduga, sisi da koko, sule da bishiyar kwakwar manja, fataka da gyaɗa. Ran 1 ga Janairu 1973 naira da kwabo suka shigo, sunan sule ya bi kwabo 10, na sisi ya bi kwabo 5. Wancan kwabo mai huji shi ne wanda jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta ɗauki sunansa da ta fara fitowa a Zariya a 1939.

Yanzu mai karatu zai gane abin da ya sa raina ya sosu da na ga 193 babu cikon ta. A 1936 an yi wani sarki a Ingila, Edward na Takwas, wanda bai cika shekara ba ya yi murabus. A Ingila kanta ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa a kasuwa ba, amma a nan Afirka ta Yamma an kashe kwabo da ɗari da anini masu sunansa. Ko kwabon saurayin nan yana cikinsu, ko na George na Biyar ne, ko na George na Shida, ba mai iya faɗa yanzu har abada. Har wa yau akwai 'yan ƙananan haruffa, H ko KN, da ke nuna ma'aikatar da ta buga kuɗin a yankin Birmingham. Masu tara tsofaffin kuɗi su suke fara dubawa da tabarau, su ne kuma samfefa ke fara cinyewa.

Sai dai tilas in faɗi gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba. Saurayin ya ce ya ji ana cewa kwabo mai huji yana ɗauke da wani sinadari da Turawa ke saye miliyoyin naira. Wannan zancen 'yan damfara ne. Jan ƙarfe ne da waɗansu ƙarafa na yau da kullum, an kuma buga su miliyoyi, saboda haka mafi yawansu ba za su sayi ko buhun masara ba. Ɗan abin da ke ɗaga darajar wani a kan wani shi ne ƙarancin na shekararsa da lafiyar rubutunsa. Wanda aka kankare kuwa masu saye ba su ko waiwayarsa. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Wanki Iri Biyu Ne

Ya kamata a raba tsakanin kayan adon da ke cikin adakar gida da abin da ya fito daga ƙasa, domin hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Zinariya ba ta tsatsa. Ɗan kunne ko zoben zinariya in ya dushe, datti ne da maiƙo, ruwan ɗumi da sabulu da burushi mai laushi sun ishe shi. Azurfa kuwa baƙin da take yi ba datti ba ne. Farar wuta ce da ke cikin iska da hayaƙi, da ƙwai da albasa da roba, take haɗuwa da fatar azurfar ta zama baƙi. Duk sa'ad da aka goge da toka ko yashi ko man goge baki, azurfar ce kanta ake ragewa, shi ya sa zanen tsofaffin mundaye ke shafewa. Ga uwargida mai son awarwaronta ya yi haske ran biki, akwai hanya mai sauƙi: a shimfiɗa takardar alminiyam irin wadda ake naɗe nama da ita a cikin kwano, a ɗora azurfar a kai ta taɓa takardar, a zuba ruwan zafi da cokali guda na hodar bekin soda. Farar wutar za ta bar azurfa ta koma kan alminiyam, har a ji ɗan wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. A ɗauraye, a tsane da tsumma mai laushi. Amma kada a sa mai duwatsu ko murjani, ko wanda maƙeri ya baƙanta ramukan zanensa da gangan.

Abin da ya fito daga ƙasa kuwa, ƙa'idarsa ta farko ita ce a ƙyale shi. Koren da tagulla da jan ƙarfe ke yi, in mai tauri ne mai santsi, riga ce da ƙarfen ya yi wa kansa cikin shekaru masu yawa, tana kare shi, kuma sau da yawa zanen asali a jikin wannan rigar yake zaune, domin ƙarfen da ke ƙarƙashi ya riga ya ci. Lemun tsami da tsamiya da ruwan batir suna tuɓe ta, su bar ƙarfen da ramuka kamar fuskar mai zanzana. Gishiri ya fi su sharri, gama shi ne ke haddasa abin da masana ke kira ciwon tagulla, watau wani kore mai haske mai kama da gari, wanda in an share ya dawo, yana cin ƙarfen har ya huda shi, musamman da damina. Anini na alminiyam kuma kanwa da soda cinye shi suke yi. Iyakar abin da mutum zai yi a gida shi ne ya bar ƙasar ta bushe, ya kaɗe ta da burushi mai laushi ko tsinken itace. In kwabo ne na zamanin Turawa, ana iya jiƙa shi a tataccen ruwa irin na kantin magani, a tsane shi sarai. A sa kowane a ambulan ɗin takarda shi kaɗai, a rubuta inda aka samu da ranar, a ajiye inda ba laima. Leda tana tara gumi, ba ta dace ba.

Darasi Daga Durɓi Da Ingila

Na tambayi saurayin ko ya san Durɓi Takusheyi. Ya ce ƙwarai, ai ta wajen Mani ce, amma bai san abin da aka samu a can ba. Kusheyin sarakunan farko ne na ƙasar Katsina. A 1907 Palmer ya fara tona waɗansu a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, a 1992 kuma wani malami Bajamushe, Dierk Lange, ya tona waɗansu tare da ma'aikatan gidajen tarihi na Nijeriya. An sami kayan ado na zinariya, da mundayen tagulla da na hauren giwa, da tasar tagulla irin ta ƙasashen gabas, da wuri da duwatsun wuya da ragowar tufa. A 2007 aka kai su birnin Mainz na Jamus don gyara, ba su dawo gida ba sai 2014. Saboda an tono su a tsanake, an rubuta inda kowane ya kwanta, an kuma tsabtace su a hannun gwanaye, aka iya gane cewa tun wajen ƙarni na 13 zuwa na 14 sarakunan wannan wuri suna hulɗar ciniki da ƙasashen da ke bayan hamada. Da mai na'ura ne ya riga zuwa da dare, da zinariyar ta ƙare a tukunyar maƙeri, tagullar a sikelin 'yan gwangwan, Katsinawa kuma su yi hasarar wani babi na tarihinsu ba su ma sani ba. Irin wannan ɓarna ta riga ta auku a ƙasar Nok cikin shekarun 1990, inda aka yi ta fasa kufai ana fitar da mutum-mutumin yumɓu zuwa Turai. Waɗanda suka tsira a kasuwa sun zama kayan kallo kawai, ba wanda ya san ramin da suka fito.

A Ingila neman tsofaffin kaya da na'ura abin sha'awa ne na dubban mutane, amma sun yi masa tsari. Dokarsu ta 1996 ta ce wanda ya sami taska ya sanar cikin kwana 14. A watan Yuli na 2009 wani mai suna Terry Herbert ya ci karo da tarin kayan yaƙi na ado a wata gona a lardin Staffordshire, zinariya kamar kilo 5, azurfa wajen kilo ɗaya da rabi, na ƙarni na 7. Ya sanar, masana suka zo suka ƙarasa haƙar, aka yi wa kayan kuɗi fam 3,285,000, gidajen tarihi suka saya, aka raba daidai tsakaninsa da mai gona. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne abin da gwanayen suka tsabtace zinariyar da shi: ƙayar itace, domin ta fi allurar ƙarfe taushi, ba ta karce zane. Shekaru suka yi suna wannan aiki a ƙarƙashin madubin ƙara girma. A ɗaya gefen kuma, waɗansu mutum biyu da suka sami wata taska a lardin Herefordshire a 2015 suka ɓoye suna sayarwa a asirce, a 2019 kotu ta ɗaure su shekaru masu yawa.

Abin Da Doka Ta Ce

Mu ma muna da doka, ko da yake kaɗan ne suka san da ita. Doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, ta hana haƙa don neman kayan tarihi sai da izinin Hukumar. Wanda ya ci karo da irin wannan abu yana noma ko gini, an ba shi kwana 7 ya sanar. Ta hana saye da sayar da su sai ta hannun wanda aka amince wa, ta hana fitar da su waje ba takarda, kuma aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 yana cikin abin da ta kira kayan tarihi. Munduwar da saurayin nan ya sayar tana iya faɗawa cikin wannan. Malamanmu na fiƙihu ma ba su bar mas'alar ba: tsintuwar da ake zaton mai ita ko magadansa suna nan, cigiya ake yi har shekara, dukiyar da mutanen jahiliyya suka binne kuwa ana fitar da humusinta. Mai neman bayani ya tuntuɓi malami. Ko ba doka, shiga gonar mutum a tona ba izini rashin ladabi ne, tona kabari kuwa ko na wane ne abin kunya ne. A kuma tuna, a wuraren da aka yi yaƙi na'ura ba ta bambanta tukunyar kuɗi da nakiya.

Amma doka kaɗai ba ta isa ba. Mutumin da bai ci abincin rana ba, in ka ce ya kai munduwa ofis ya dawo hannu wofi, ka san sikeli zai nufa. Saboda haka ina kira ga Hukumar, wadda hedkwatarta ke nan Abuja, da ta buɗe wata ƙofa a gidajen tarihi na Kaduna da Jos da Katsina da Gidan Makama na Kano, inda talaka zai kai abin da ya tsinta ba tare da fargabar kamu ba, a duba masa, a rubuta, in ba mai muhimmanci ba ne a mayar masa da kayansa, in mai muhimmanci ne a ba shi tukuici mai kauri. A yi shelar wannan a rediyo da Hausa da Gbagyi. A Ingila irin wannan shiri da suka fara a 1997 ya rubuta kaya fiye da miliyan guda daga hannun talakawa. Ina kuma kira ga masu raba filaye a Abuja da su riƙa gayyatar masanan haƙar tarihi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, su zaga kufai kafin katafila ta shiga, domin abin da ta share a wuni ɗaya a Idu ko Karmo ba mai dawo da shi.

Ku kuma samari masu na'ura, ba na ce ku jefar da ita ba. Ku nemi izinin mai gona da mai unguwa. In kun ga kwabo ɗaya ko biyu, ku ɗauki hotonsu da waya a inda suke kafin ku ɗaga. In kuwa kun ga tukunya, ko ƙashi, ko ƙarfe da yawa wuri guda, ku dakata, ku mayar da ƙasa, ku je ku faɗa. Kada ku wanke kome.

Kafin mu rabu na roƙi saurayin nan ya bar sauran kwabo biyun yadda suke. Ya yi dariya ya ce, "To Yallaɓai, wa zai sayi abu baƙi haka?" Na ɗauki tsinke na ɗan kaɗe ƙasar ɗaya a hankali, sai ga sunan George na Shida da 1942 sun fito raɗau, shekarar da ake tsakiyar yaƙin Hitila. Ya karɓa ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce kakansa ya je Bama a wannan yaƙi. Ya yage gefen takardar siminti ya naɗe shi, ya sa a aljihun gaba.

Wanda yake da tsohon kuɗi ko munduwar gado a gida, ina so ya rubuto mana ya faɗi abin da ke rubuce a jiki da yadda ta zo hannunsa, za mu buga waɗanda fili ya ɗauka.